Haɗin giyar gida ya ƙi tashi ko ya tsaya a hanya: me ya faru?

Na zuba yis tun jiya amma shiru, ko kumfa ɗaya ban gani ba. Ya mutu ne?

Ba lallai ba, kwana ɗaya ai bai isa a yi masa jana'iza ba. Yis abu ne mai rai, tun 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa giya ta tashi, to kafin aikinsa ya bayyana sai ya fara hayayyafa tukuna, wannan kan ɗauki awa 12 zuwa 36, wani lokacin ma har kwana 3 in yis ɗin ya tsufa ko ɗakin da sanyi. Sannan ita 'yar robar fitar da iskar nan da ke kan murfi, wadda sabbin shiga ke zama suna kallo kamar talabijin, tana yawan yaudara, in murfin bokitin bai zauna daram ba iskar ta gefe za ta sulale kai kana can kana jiran ɓul-ɓul. Leƙa ka gani, in akwai kumfa a sama ko wani zobe mai ruwan ƙasa a jikin bokitin to aiki na tafiya. Inda matsala take shi ne in ka zuba yis ruwan tsiron da ka dafa bai huce ba, da ya haura digiri 40 na Salsiyas yis ya fara galabaita, in ya fi haka ya mutu. Nan kam sai a jira ya sauko wajen digiri 20 a zuba sabo.

To ta yaya zan san ya gama, tunda kumfar ba abin dogaro ba ce?

Da haidiromita, ma'aunin nan na gilashi da ke yawo a cikin ruwa yana nuna yawan sukarin da ya rage. Giya matsakaiciya takan fara a wajen 1.045 ta ƙare kusa da 1.010. Ka auna yau, ka sake bayan kwana 2 ko 3, in lambar ba ta motsa ba kuma tana kusa da inda ake sa rai to ya gama. A ganina duk wanda zai sayi bokiti ya bar wannan ma'aunin, lalube kawai yake a duhu.

Ya fara da ƙarfi, sai ya maƙale a 1.025 ya ƙi sauka. Na zubar?

Haba, wace irin zubarwa. Yawanci sanyi ne, yis ɗin nau'in giyar da ake kira el yana son digiri 18 zuwa 22, in dare ya yi sanyi sosai sai ya kwanta a gindin bokiti ya yi barci. Kai shi wuri mai ɗan ɗumi, ka jujjuya bokitin a hankali ba tare da ka buɗe ba don yis ya taso, ka ba shi kwana 3. Kar dai ka girgiza da ƙarfi, iskar da yis ke so a ranar farko ita ce ke ɓata ɗanɗano in an riga an yi nisa. In duk da haka bai motsa ba a ƙara sabon yis. Amma fa in tun wajen jiƙa tsiro zafin ruwanka ya wuce digiri 70, ka samar da irin sukarin da yis ba ya iya ci ne, wannan ko buhu ka juye ba zai sauka sosai ba, sai dai a kiyaye gaba.

Wari yake kamar bara-gurbi. Ya lalace ko?

A'a, yis ne ke fitar da iskar salfa, musamman na nau'in giyar da ake kira laga wanda ake ajiyewa a sanyin digiri 8 zuwa 13, kuma da kansa yake gushewa. Haka ƙanshin bota ko na ɗanyen tuffa, alama ce ta an yi gaggawa, bar shi kan yis ɗinsa mako guda ya share abinsa. Ƙanshin ayaba mai yawa da yaji a maƙogwaro kuwa zafi ne ya yi yawa, kuma ka tuna cikin bokitin ya fi ɗakin zafi da 'yan digiri saboda aikin kansa yana haifar da zafi. Ɗanɗanon magani kamar filasta, sau da yawa kulorin ɗin ruwan famfo ne. Wanda ba shi da gyara shi ne tsami irin na binega da wata farar yana a sama, bakteriya ko baƙon yis ya shiga, galibi daga cokali ko tiyon da ba a tsabtace ba ko tsohon bokiti mai karce.

Kwalabena suna ambaliya in na buɗe, ɗaya ma ta fashe.

Wannan kam ba wasa ba ne, gilashi na iya cire ido. Ko dai ka ɗura kafin ya gama, ko sukarin da ka ƙara wajen ɗuri don giyar ta yi iska ya yi yawa, giram 5 zuwa 7 a kowace lita ya isa. Sa safar hannu da tabarau, ka lulluɓe su da tawul ka kai firij su yi sanyi sosai, sannan ka riƙa sassauta murafan ɗaya bayan ɗaya iskar ta fita.