Idan masai ya cika, ina ake kai abin da aka kwashe?

Akwai tambayar da nake yi wa magidanta idan muka fita zagayen duba-gari a Gusau, kuma ban cika samun amsarta ba. Nakan ce, "Alhaji, bara da masan gidanka ya cika, wa ya kwashe?" Nan take zai gaya mini, har da kuɗin da ya biya. "To, ina suka kai shi?" Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ni dai na ga sun tafi da shi."

Sun tafi da shi, amma bai bar gari ba. Masu kwasa da bokiti cikin dare sukan haƙa rami a bayan katanga su binne, wasu ma su tuttule a lambatu. Mai tanka kuwa bayan gari yake nufa, ya sami kududdufi ko gefen gona ya buɗe famfo. Da rani rana takan rufa mana asiri. Ruwan farko na sauka, sai komai ya tashi ya bi kwata, ya shiga rijiyar da ba ta da baki, sauran ya gangara gulbi.

Gulbin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau, ya zuba a madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kabi kafin ya faɗa Neja. Abin da muka zubar a nan, da shi wani yake wanka da wanki a can ƙasa, da shi yake ban-ruwan latas da tumatir, kuma kayan lambun kasuwarmu suke dawowa.

Tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 Gusau take cika, ga kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Gidan da aka gina wa mutum goma yanzu talatin ke kwana a ciki, masai kuwa yana nan guda ɗaya. A 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Amai da gudawa, taifot, wani nau'in ciwon shawara, tsutsar ciki, shan-inna, duk hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani.

Da an taɓo maganar nan sai wani ya ce a yi mana irin na Abuja. A can, a unguwanni irin su Garki da Wuse da Maitama, gidaje a haɗe suke da bututun ƙarƙashin ƙasa wanda yake kai ƙazantar ruwa matatar Wupa. Abu ne mai kyau, amma bututu ba ya tafiya sai da ruwa mai yawa a bayansa, injinan matatar kuma wuta suke sha dare da rana. Unguwar da ake sayen jarka a hannun mai garuwa, da wane ruwa za ta kora bututu? A ganina, abin da ya fi dacewa da mu shi ne wurin zubarwa guda sananne, da tafkunan tacewa a jere.

Ga yadda suke aiki. Tafkin farko mai zurfi ne, kamar mita 3 zuwa 4. Nan kauri yake kwantawa a ƙasa, ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska su yi ta cinsa. Ruwan sama-sama ya tsallaka tafki na biyu, mai faɗi marar zurfi sosai, inda za ka ga ya koma kore. Wannan koren gansakuka ce, kuma alamar lafiya ce, domin ita take ba ruwan iskar da wasu ƙwayoyin suke amfani da ita su ƙarasa narkar da datti. Na uku bai wuce kamar mita ɗaya ba, don rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan makonni ruwan yakan fito a yanayin da za a iya shayar da itatuwa da shi. Zafin Gusau da muke kuka da shi a watan Afrilu, shi ne injin wannan aiki, kuma ba a kawo masa takardar kuɗin wuta.

Kaurin da tanka ta kawo, shimfiɗa shi ake yi a kan yashi da tsakuwa ya tsane ya bushe. A nan nake jan kunnen manoma: bushewa kawai ba ta isa ba. Ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, yakan yi watanni da ransa. Sai an tara takin ya daɗe ya ruɓe sosai sannan ya shiga gona, ɗanyen kuwa kada ya kusanci abin da ake ci ba a dafa ba.

Ba zan ɓoye ba, tafkin farko yana wari. Dole a yi shi nesa da gidaje, a kewaye shi saboda yara da dabbobi, a hana yanka filaye kusa da shi. Filin kuma yanzu ya kamata a ware, tun gari bai cinye shi ba.

Kafin nan, akwai abin da yake hannunka, maigida. Tsakanin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30, kuma rijiyar maƙwabcinka ma rijiya ce. Masu huda sokawe su saki a kwata idan hadari ya haɗo, muna ganin alamar a jikin bango, ku bari don Allah. Uwargida, famfas da leda da tsumma ba sa ruɓewa, su ne suke cika rami kafin lokacinsa. Fon yaro a juye shi a masai a mayar da murfi, a wanke hannu da sabulu, domin kashin jariri ma yana ɗauke da cuta. Masu kwasa kuma kada wanda ya dira cikin rami da aka buɗe yanzu, iskar da ke ciki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu.

Idan gudawa ta kama wani a gida, a zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, shafaffu ba tozo, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. A fara ba shi tun a gida, a ci gaba da ba shi a hanya har a isa asibiti.