Finafinan Katun da Aka Ɗauko daga Littattafan Al'ajabi

Finafinan katun da aka ɗauko daga littattafan al'ajabi rukuni ne na finafinan zane mai motsi waɗanda labarinsu ya samo tushe daga sanannun ƙagaggun littattafai masu ɗauke da sihiri, dodanni, dabbobi masu magana da ƙasashen da babu su a taswira. Wasu da hannu aka zana su, wasu da 'yan tsana aka yi, na baya-bayan nan kuma da kwamfuta.

Dalilin da ya sa irin waɗannan littattafai suka dace da katun a fili yake. A fim ɗin da mutane ke fitowa da jikinsu, duk wani dodo sai an ƙirƙiro shi an liƙa kusa da ɗan wasa, idon mai kallo kuma yakan gano inda aka yi ɗinkin. A zane kuwa, alƙalamin da ya fitar da mutum shi ne ya fitar da dodon, babu wanda ya fi wani zama gaske. Don haka ba nuna abin al'ajabi ne ke ba masu shirya su wuya ba. Abin da ya fi kayar da su shi ne tsawon littafi, da abin da jarumi ke saƙawa a zuci, da zaton da aka daɗe ana yi cewa katun na yara ne.

Asali

Dogon fim ɗin katun mafi daɗewa da ya tsira har yau daga labaran al'ajabi ya fito. Shi ne na Yarima Achmed, wanda Lotte Reiniger ta kammala a Jamus a 1926, ta tsamo shi daga Dare Dubu da Ɗaya. Ba fenti ta yi amfani da shi ba. Baƙin kwali take yankawa da almakashi ta fitar da siffar mutum ko doki, ta haɗa gaɓoɓin da siririyar waya, ta shimfiɗa a kan gilashi mai fitila a ƙarƙashi. Sai a ɗauki hoto daga sama, ta ɗan gusa hannu ko ƙafa, a sake ɗauka. A haka aka shafe kusan shekara uku.

A Amurka, kamfanin 'yan'uwa Fleischer ya fitar da Gulliver's Travels a 1939 daga littafin Jonathan Swift na 1726, amma tafiya ɗaya kawai ya ɗauka cikin huɗu, wato ta ƙasar ƙananan mutane. A Sin ma, dogon katun na farko daga littafi ya fito: 'yan'uwa Wan sun yi Princess Iron Fan a Shanghai a 1941, daga wani sashe na littafin Tafiya zuwa Yamma na ƙarni na 16.

Salon Disney

Kamfanin Walt Disney ne ya kafa salon da aka fi sani: a rage labari, a sassauta masu zafinsa, a ƙara waƙoƙi. Pinocchio na 1940 ya isa misali. A littafin Carlo Collodi na 1883, da gyare mai magana ya yi wa Pinocchio, yaron da aka sassaƙa da katako, nasiha, guduma yaron ya wurga masa ya kashe shi. A fim kuwa gyaren ya samu hula da lema da suna, ya zama abokin tafiya mai tunatarwa daga farko har ƙarshe. Alice in Wonderland na 1951 ya gauraya littattafan Lewis Carroll biyu, na 1865 da na 1871, sannan Peter Pan ya biyo baya a 1953, The Sword in the Stone kuma a 1963. Waɗannan finafinai sun yi tasirin da ya sa mutane da yawa suna ɗaukar abin da suka gani a allo shi ne ainihin labarin.

Da kamfanin ya gwada barin wannan hanya, bai ji da daɗi ba. The Black Cauldron na 1985 ya cusa littattafai biyu na Lloyd Alexander cikin fim ɗaya, babu waƙa, ga rundunar matattu na tashi daga tukunyar tsafi. An datse wasu wurare masu firgitarwa dab da fitowarsa, duk da haka ya zama katun na farko na kamfanin da aka yi wa alamar PG, wato a kalla da kulawar iyaye. Bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba.

Tolkien da matsalar tsawo

Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ko da an maimaita kowane zane sau biyu, kamar yadda aka saba, fim mai minti 90 yana buƙatar zane 64,800 kafin a yi maganar wurin da mutum goma ke motsi lokaci guda. Idan aka ajiye wannan lissafi kusa da The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a juzu'i uku a 1954 da 1955 kuma ya haura shafi dubu, za a gane girman aikin.

Kamfanin Rankin/Bass ya fara da mai sauƙi, The Hobbit, wanda ya nuna a talabijin a 1977. Shekara guda bayan haka Ralph Bakshi ya tunkari babban littafin. Don ya iya nuna yaƙi da dawakai, sai ya ɗauko dabarar da Max Fleischer ya ƙirƙiro, ana ce mata rotoskof: a fara ɗaukar 'yan wasa na gaske da kyamara, sannan masu zane su bi hoton ɗaya bayan ɗaya da alƙalami. Sakamakon ya zo a gauraye. Baƙaƙen mahaya dawakai sun fito da ban tsoro na gaske, domin tafiyarsu ta mutum ce amma siffarsu ta mafarki. A fagen yaƙi kuwa, sau da yawa mutum yana ganin 'yan wasa ne kawai da aka rina hotonsu, sai ɗinkin da katun ya kamata ya ɓoye ya sake bayyana. Babban abin takaici shi ne labarin ya tsaya a yaƙin Helm's Deep, wajen rabin hanya, kuma ba a rubuta "kashi na ɗaya" a sunan fim ɗin ba. Ya samu fiye da dala miliyan 30, amma kashi na biyu bai taɓa fitowa ba. Rankin/Bass ne suka yi The Return of the King a 1980 da nasu salon, wanda bai haɗu da na Bakshi ba ta kowace fuska.

Littattafan da ba su kai wannan tsawo ba sun fi samun adalci. The Last Unicorn na 1982, labarin doki mai ƙaho ɗaya da ya fita neman 'yan'uwansa, yana cikin waɗanda suka fi riƙe amanar tushensu, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda marubucin littafin, Peter S. Beagle, shi ya rubuta fim ɗin da kansa. Watership Down na 1978, daga littafin Richard Adams, bai ɓoye jini da mutuwar zomayensa ba. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta ba shi alamar kowa na iya kallo, yara da yawa suka firgita, sai bayan fiye da shekara 40 aka mayar da shi PG.

Japan

Zanen The Hobbit da The Last Unicorn duka a Japan aka yi shi, a kamfanin Topcraft, kuma daga cikin ma'aikatansa ne wasu suka shiga Studio Ghibli da aka kafa a 1985. Nan aka samu mafi kyawun amsa ga tambayar yadda za a zana abin da ke zuci. A Howl's Moving Castle na 2004, wanda Hayao Miyazaki ya ɗauko daga littafin Diana Wynne Jones na 1986, wata mayya ta mayar da budurwa Sophie tsohuwa mai shekara 90. Miyazaki bai bar ta a siffa ɗaya ba. Idan tana barci, ko ta manta da kanta tana kare wanda take so, bayanta ya miƙe, tamojin fuskarta su baje, ƙuruciya ta dawo. Da zarar kunya da raina kai sun kama ta, ta sake ranƙwafewa. Babu wanda ya yi bayani da baki. Ya kuma ƙara yaƙi da jiragen da ke ruwan bama-bamai, saboda ƙin jinin da yake yi wa yaƙin Iraƙi na 2003. Marubuciyar ta yaba fim ɗin duk da nisan da ya yi da littafinta.

Ba haka ta kasance da marubuciya Ursula K. Le Guin ba. Tales from Earthsea na 2006, wanda Goro Miyazaki, ɗan Hayao Miyazaki, ya shirya, ya haɗa littattafanta, ya buɗe da yarima yana kashe mahaifinsa, abin da babu shi a rubutunta. Ta bayyana rashin jin daɗinta a fili, har da yadda aka haskaka fatar mutanen da ta rubuta a matsayin masu duhun fata.

Na baya-bayan nan

Coraline na 2009, wanda Henry Selick ya yi da 'yan tsana daga littafin Neil Gaiman, ya ƙirƙiro wani yaro mai suna Wybie don kada jarumar ta riƙa magana ita kaɗai. Guillermo del Toro ya mayar da Pinocchio zamanin mulkin Mussolini a Italiya a fim ɗinsa na 2022, ya kuma ci kyautar Oscar. A 2024 Kenji Kamiyama ya koma wa Tolkien ta wata ƙofa: maimakon ya matse dogon labari, sai ya ɗauki 'yan shafuka daga ratayen littafin The Lord of the Rings ya faɗaɗa su a The War of the Rohirrim. Jarumar fim ɗin 'yar Sarki Helm ce, wadda Tolkien ya ambata a taƙaice ba tare da ya raɗa mata suna ba. Masu fim ɗin ne suka sa mata Héra.