Fambel a Tsofaffin Ƙananan Jif

Fambel ɗamara ce ta roba mai zare a cikinta, wadda ke ɗaukar juyi daga fulin karanshaf ta kai wa altaneta mai cajin batir, da fanka, da famfon sitiyari, da kwamfuresar AC, a wasu motocin har da famfon ruwa. Ba shi ne taimin bel ba. Taimin bel yana ɓoye cikin murfi, haƙora gare shi, kuma aikinsa daidaita buɗewar bawul. Ƙananan jif masu jan ƙafa huɗu, irin su Suzuki Samurai, da Vitara da ta fito a 1988, da Toyota RAV4 ta farko da ta fito a 1994, sun dogara da fambel ƙwarai, domin aikinsu ya fi yawa a hanyoyin ƙura da taɓo.

Ire-irensa

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko mai siffar V ne, siriri mai kauri, da gefunansa yake kama fuli. John Gates ne ya ƙirƙiro shi a 1917 a birnin Denver na Amurka. Na biyu mai faɗi ne, da layuka a cikinsa. Lambar da ke bayansa ita ce shaidarsa: 4PK815 na nufin layi 4 da tsawon milimita 815. Wanda zai je saye a Sabon Gari ya tafi da wannan lamba ko da tsohon bel ɗin, kada ya dogara da sunan mota kaɗai, saboda wasu motocin nan an taɓa sauya musu altaneta ko inji.

Abin da ya kamata a fara sani

Ba kowace jif ce ke shiga haɗari iri ɗaya ba idan bel ya tsinke. A injinan Suzuki na G13 da G16, bel ɗin altaneta shi ne ke juya famfon ruwa. Da ya tsinke, ruwa ya daina zagaye tsakanin inji da lagireto, cikin 'yan mintuna zafi ya hau, gaskit ya ƙone, wani lokaci kan inji ma ya lanƙwashe. A injin 3S-FE na RAV4 kuwa taimin bel ne ke juya famfon ruwa, don haka tsinkewar fambel caji take yankewa, motar ta ci gaba da tafiya da abin da ya rage a batir. Direban Suzuki da ya ga fitilar batir ta kama yana tafe, ya tsaya nan take ya buɗe bonet. Lallaɓawa don a isa gari shi ke kashe injin.

Me ke cinye shi

Yanayin Zariya ba ya raga wa roba. Ƙurar hunturu tana shiga ramin fuli ta riƙa goge bel, zafin bazara a watannin Maris da Afrilu yana busar da shi har ya tsattsage, da damina kuma motar da ke ratsa kududdufai a hanyoyin ƙauyukan Giwa ko Soba takan jiƙa shi ya yi sulɓi. Amma babban abokin gabarsa baƙin mai ne. Idan sil ɗin gaban inji yana yoyo, man yakan kumbura robar ta yi laushi, kuma ko sabon bel aka saka ba zai daɗe ba. Gyaran yoyon ne farko.

Ƙarar “kiii” da safe, ko lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, alama ce ta sakewa ko sulɓi. Wasu kan shafa masa sabulu ko man birki don ya yi shiru. Wannan ɗabi'a ce mai cutarwa, ƙarar take ɗaukewa ta bar cutar. A kula kuma, tsofaffin bel na robar neoprene tsagewa suke yi a gani, na zamani da ake yi da robar EPDM ba sa saurin tsagewa, layukansu ne ke cinyewa a hankali. Bel na iya zama sumul a ido alhali ya gama aiki.

Ɗauri da sauyawa

Yawancin motocin nan ba su da abin da ke ɗaure bel da kansa, altaneta ake turawa. Bayan inji ya huce an cire waya daga batir, bakanike zai sassauta notin ƙasa da na sama, ya tura altaneta ciki, bel ya fita. Idan bel biyu ne ko uku, na waje ake fara cirewa, kuma yana da kyau a ɗauki hoton yadda suka zagaya kafin a taɓa. Kafin a saka sabo sai a juya kowane fuli da hannu. Wanda ke gurnani ko rawa, boris ɗinsa ya mutu. A wanke ramukan, a tabbatar fulin suna kan layi ɗaya, domin karkataccen fuli gefen bel yake ci.

A ɗauri ne gwanintar take. Ana danna tsakiyar bel da babban yatsa da ƙarfin kimanin kilo 10, ya lotsa ƙasa da santimita ɗaya kaɗan. Ainihin adadin kowace mota yana littafinta. Sakakke ba ya caji sosai, yana kuma zafi. Wanda aka ɗaure fiye da kima ya fi ɓarna, don yana kashe boris ɗin altaneta da na famfon ruwa, kayan da suka ninka bel tsada. Yaran gareji sukan sa dogon ƙarfe su ja iya ƙarfinsu, mai mota yana da haƙƙin cewa, “Malam, a rage kaɗan.” Sabon bel yana ɗan miƙewa, saboda haka a sake duba shi bayan kwanakin farko na aiki.

Bel ɗin Beljiyam ba abin saye ba ne, roba tana tsufa ko a ajiye. Tsohon da aka cire, in bai tsinke ba, a bar shi cikin mota tare da sifanu mai lamba 12 da 14, musamman ga masu shiga daji inda babu shagon kayan gyara.