Ma'anar "palliative": kalmar asibiti da aka mayar buhun shinkafa

Tun kullen korona na 2020 kalmar nan ta shigo mana gida, musamman da aka farfasa rumbunan abinci a jihohi cikin watan Oktoba na shekarar. Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, sai ta zama ruwan dare. Yau in ka ce "faliyatif" a tasha, abin da zai zo wa mutum a rai shi ne mudun shinkafa da taliya da dogon layi a rana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu gabatar da shirye-shirye a rediyo da ke fassara ta da "tallafi" kai tsaye, har wani ya ce ita ce maganin tsadar rayuwa. Kalmar kuwa ba ruwanta da warkarwa. Daga Latin ta fito, daga pallium, wato mayafi. Ka lulluɓe ciwo don ya daina damun mai shi, alhali yana nan a ƙarƙashi. Waɗanda ke cewa "kayan rage raɗaɗi" su suka fi kusa da gaskiya.

Injiniyan hanya ma yana amfani da ita. In ya rubuta ta a rahoto, cike ramuka yake nufi kafin a samu kuɗin sake hanyar, kuma ya san damina ɗaya za ta kwashe aikin. Ɗan siyasa ne kaɗai ke furta ta yana jiran tafi, ko da yake kalmar da ke bakinsa tana shaida cewa cutar na nan.

A bakin likita ta fi nauyi. Wani likitan fiɗa na Kanada, Balfour Mount, shi ya raɗa wa wani fannin jinya suna "palliative care", ya buɗe sashensa a wani asibitin Montreal a 1975. Kulawa ce ga mai cutar da ta yi tsanani, sau da yawa wadda ta fi ƙarfin magani: a kashe masa zafi da magani irin mofin, a taimaka masa ya yi barci, ya ci abinci, a kwantar wa iyalinsa da hankali. Aiki ne mai daraja, shi ya sa yadda aka wofintar da sunan ke ɓata mini rai.

Na ga illar haka da idona. Kawuna na kwance da ciwon dajin hanta, likita ya zo zagayen safe da ɗalibai a bayansa. Ya duba fayil, ya yi musu magana da Turanci, kalmar ta fito sau biyu. Babban ɗan kawu, wanda ya sayar da gona don jinyar, ya miƙe fuskarsa a sake ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe har asibiti ake rabawa? A ina za mu rubuta suna?" Likitan bai gane ba, ya wuce gado na gaba.

Wata dattijuwar nas ce ta ja mu baranda. Ta ce, "'Ya'yana, ku yi haƙuri. Ciwon ya wuce fiɗa. Abin da ya rage mu hana shi shan wahala, ku kuma ku zauna kusa da shi." Ɗan kawu ya jingina da bango, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ta ko za a iya mayar da Baba gida.