Ba Kowane Allo Mai Haske Ba Ne Majigi

Tun da manyan allunan talla masu haske suka fara yawa a tituna, kalmar majigi ta dawo bakin 'yan rediyo. An kafa allo a filin gangamin siyasa, sai ka ji an ce "an girke majigi". Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, don ya haɗe abubuwa biyu da ba su da dangi.

Kalmar tsohuwa ce. Daga sunan Turanci na fitilar haska hoto, magic lantern, Hausawa suka lanƙwaso ta. A zamanin Turawa mota ce ke yawo gari-gari, da dare a kafa farin ƙyalle a dandali ko ƙofar fada, a nuna fim kan tsafta da noma. Majigi dai jefa haske yake yi a jikin wani abu. Allon LED kuwa da kansa yake ci, kamar talabijin, kuma mai kuɗin haya ne kaɗai ke magana a cikinsa.

A Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take da hedikwata, bai kamata mu riƙa rikita su ba. Tun rikicin 2001 unguwanni suka rarrabu, bango ya zama abin taka-tsantsan. Ka yi zanen fenti a Terminus, cibiyar kasuwanci ta tsakiyar gari, gobe wani ya ce an yi wa ɓangarensu alama, a kankare. Majigi aron bango yake yi na awa biyu. An kashe, bango ya koma yadda yake. A ganina wannan ne ya sa ya fi fenti dacewa da wurin da ake ja-in-ja a kansa, irin kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002.

Sai dai aikin haska hoto a bango na da ƙa'ida. Majigin ofis mai lumen 3,000 (lumen ma'aunin ƙarfin haske ne) hoton mita biyu zuwa uku yake iya riƙewa cikin duhu. Ka ninka faɗin hoto sau biyu, haske ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa bangon bene ke neman lumen 10,000 ko fiye. Yawancin na ofis, hoton mita 6 sai an ja baya kusan mita 9 zuwa 12. Jan bango ko mai gansakuka shanye haske yake yi. Na farar ƙasa ya fi. Kada a jona kai tsaye da janareto ba sitabilaiza, kuma in wuta ta yanke kafin fankar majigin ta huce ƙwan fitilarsa, ƙwan zai yi saurin mutuwa. Ƙurar hunturu na toshe matacin iska, raɓar daren Jos kuma na dusashe gilashi.

Izini ma biyu ne, na mai bango da na mai wurin da aka ɗora na'ura, bayan an sanar da mai unguwa da 'yan sanda. A kuma duba kada hasken ya faɗa tagar gidan mutane ko idon direbobi.