Waiwaye: Yadda kumburi ya shiga lissafin ciwon zuciya

Tun da aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka cikin watan Agustan 2024, muhawara ba ta lafa ba tsakanin likitoci a kan ko gwajin kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, shi kaɗai ya isa a gane wanda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ke yi wa barazana. An bibiyi mata kusan 28,000 tsawon shekara 30, aka tarar cewa waɗanda abubuwa uku suka yi yawa a jininsu, wato kolestarol mai cutarwa, da furotin ɗin CRP mai nuna kumburi, da wani kitse na gado mai suna Lp(a), haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka musu fiye da sau uku. Mutane da yawa sun ɗauka sabon labari ne, alhali kuwa maganar ta daɗe tana tafe.

Tarihin kolestarol sananne ne. A 1913 Nikolai Anichkov na Rasha ya ciyar da zomaye shi, jijiyoyin jininsu suka lalace, binciken garin Framingham na Amurka da aka fara a 1948 ya nuna alaƙarsa da ciwon zuciya a jikin mutane, sannan maganin statin mai rage kolestarol ya shiga kasuwa a 1987. Abin da ake iya aunawa kuma ake da maganinsa shi ke jan hankali, don haka aka jingine ra'ayin Rudolf Virchow na Jamus, wanda tun ƙarni na 19 ya ce akwai kumburi a cikin lalacewar jijiyoyi.

A ganina, inda akalar ta juya shi ne shekarar 1997, ko da yake ba a cika ambatonta ba. An san CRP tun 1930, lokacin da aka gano shi a jinin masu ciwon huhu, amma tsohon gwajin ba ya kama shi sai ya yi tashin gwauron zabo, kamar a jikin mai zazzaɓi mai tsanani. Shi kuwa kumburin jijiyoyi wutar ƙaiƙayi ne, yana ci ta ƙarƙashi shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Sai Paul Ridker da abokan aikinsa a Boston suka koma ga jinin da aka ɗiba daga wasu likitoci maza a farkon shekarun 1980, suna cikin ƙoshin lafiya, aka daskarar aka adana. Suka ciro na mutum 543 da daga baya cutar zuciya ko ta jijiyoyin jini ta same su, da na wasu 543 da ba ta same su ba, suka auna da gwaji mai kama ɗan ƙanƙanin CRP. Waɗanda nasu ya fi yawa, haɗarin bugun zuciya ya ninka musu kusan sau uku, na shanyewar ɓarin jiki kuma sau biyu. Ashe alamar tana kwance a cikin kwalaben tun kafin masu jinin su kwanta, ma'aunin ganinta ne aka rasa.

Masu ja da batun suna da hujja, domin alama daban, sanadi daban, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba CRP ɗin kansa ne ke toshe jijiya ba. Sai a 2017 aka fitar da sakamakon gwajin wani magani mai rage kumburi ba tare da taɓa kolestarol ba a kan mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, haɗarin ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100.

Wajibi ne mai karatu a yankinmu ya yi hattara, domin zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka suna ɗaga CRP, kuma binciken da aka yi a Najeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake auna CRP lokacin da mutum yake lafiya lau, a kuma maimaita bayan mako biyu kafin likita ya yanke hukunci.