Wayar optikal mai tsada tana ƙara daɗin sauti? Tambayoyi da amsoshi

Masu gidajen kallon ƙwallo a Agege da Idi-Araba, da masu haɗa hom-tiyata a gida, sukan dawo daga kasuwar Alaba ta Legas da tambaya iri ɗaya. An nuna musu wayar optikal biyu, wato wayar da ke kai sauti daga talabijin zuwa amfilifaya ko lasifika: ɗaya siririya baƙa, ɗaya mai kauri da kai ruwan zinare, kuɗinta ya ninka na ta farkon sau da yawa. Mai shago ya ce ta biyun tana ƙara ƙarfin bas. Ga bayanin.

Me ke bi ta cikin wayar nan?

Haske ne, ba wutar lantarki ba. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983 da sunan TOSLINK. A bayan talabijin akwai 'yar ƙaramar fitila mai jan haske da ke kunnuwa tana mutuwa sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Hasken yana bi ta zaren roba mai kaurin milimita 1, ya isa ga amfilifaya ko doguwar lasifikar da ake kira sawunba. Abin da yake ɗauke da shi lambobi ne, sifili da ɗaya, a tsarin S/PDIF na Sony da Philips. Na'urar da ta karɓa ita ce ke mayar da lambobin su zama sauti.

To, mai tsadar ba ta ƙara bas ko tsabtar murya?

Ba ta ƙarawa. Aikin wayar ta kai lambobin daidai. Idan sun isa, sun isa. Lambar katin waya ko a takardar tsire aka rubuto maka ita, kuɗin da zai shiga layinka bai ragu ba.

Idan wayar ta gaza, ba za ka ji sauti ya dushe ko bas ya yi rauni ba. Za ka ji yana yankewa, ko ƙas-ƙas, ko ya ɗauke ɗungurungum. Don haka in kana jin sauti ba yankewa, wayar da ke hannunka ta gama aikinta. Nauyin bas yana wajen lasifika, da amfilifaya, da inda ka ajiye su a ɗaki.

Ruwan zinaren kuwa ado ne. A wayar tagulla yana hana tsatsa a inda wuta ke ratsawa. A nan babu wutar da za ta ratsa kan.

An ce mai arha tana sa lambobin su iso ba a kan lokaci ba. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Ƙyaftawar hasken tana iya ɗan gabata ko jinkirta da wani ɗan lokaci ƙanƙane. Sai dai na'urorin zamani suna sake daidaita lokacin da kansu kafin su fitar da sauti, kuma a waya mai mita ɗaya ko biyu abin bai kai kunne ya kama ba.

Ke nan babu inda ƙarin kuɗi ke da amfani?

Akwai, amma ba a daɗin sauti ba. Na farko tsawo. Zaren roba yana shanye haske, kuma daga mita 5 zuwa 10 ake fara samun yankewa. Mai gidan kallon da talabijin ke gaba, amfilifaya ke can bayan benci, shi ne ya dace ya nemi wayar da aka goge bakinta sosai ko mai zaren gilashi. In nisan ya wuce haka, gara a matso da amfilifayar a ja wayar lasifika.

Na biyu kan wayar. Wasu masu arha kansu ba ya zama daram, sai ka taɓa teburi su zame. Wasu masu tsadar kuma kan ƙarfe ne mai ƙiba da nauyi, wanda ko dai ya ƙi shiga talabijin da aka manna a bango, ko ya karya 'yar ƙofar ramin. A shago ka sa a gwada maka: ya shiga ka ji ɗan ƙas, ka ja a hankali bai fito ba.

Na uku riga mai ƙwari, idan wayar za ta bi ƙasa inda ake takawa ko inda ɓeraye ke yawo.

Na haɗa amma ba sauti. Daga ina zan fara?

Daga bakin wayar. Sabuwa tana zuwa da 'yan hulunan roba a kai biyun, kuma mutane da yawa suna tura ta da su. Cire su. Ramin ba zagayayye ba ne, ta fuska ɗaya kawai kan ke shiga, kada ka yi masa ƙarfi.

Sa kai ɗaya a talabijin, ka haska ɗayan a tafin hannunka. Idan jan haske ya fito, wayar da talabijin suna aiki. Idan babu, ko zaren ya karye ko ba a kunna fitar sauti ta optikal a saiti ba. Bi wayar ka duba inda aka lanƙwasa ta sosai, musamman bayan talabijin ɗin bango, domin lanƙwasa mai tsanani tana zubar da haske.

Sai saiti. A amfilifaya ka zaɓi mashigar optikal. A talabijin ka nemi wurin fitar sautin dijital. Idan ƙaramin akwatin nan ne kake amfani da shi, mai mayar da optikal zuwa waya ja da fara, sa saitin talabijin a PCM, wato tsarin sauti na sitiriyo mai hagu da dama. Yawancin akwatunan ba sa gane Dolby Digital, tsarin sauti na lasifiku da yawa, sai su ba ka shiru ko shuuu, kuma wannan ne ke sa wasu su koma kasuwa su sayi waya mai tsada a banza.

Idan aka tada janareta lasifikata tana gurnani. Optikal za ta taimaka?

Sau da yawa, eh. Gurnanin yakan biyo wayar tagulla da ta haɗa na'urori biyu waɗanda wutarsu ba ta daidaita ba. Optikal ba ta haɗa su ta lantarki, don haka hanyar ta toshe, kuma mai arha ma haka take yi. Amma idan gurnanin ta wutar amfilifayar kanta yake shiga, canza waya ba zai kashe shi ba.

Optikal ko HDMI?

Optikal tana ɗaukar sitiriyo na PCM, da Dolby Digital ko DTS na 5.1, wato lasifiku biyar da ta bas ɗaya. Ba ta ɗaukar manyan tsarukan sauti irin su Dolby TrueHD, DTS-HD Master Audio ko Atmos, komai tsadarta, domin iyakar daga tsarin take. Wanda ke son waɗannan sai ya nemi na'urori masu ramin HDMI da aka rubuta wa eARC. Kafin ka sayi wayar ma ka duba bayan na'urarka, don PlayStation 5 da Xbox Series X ba su zo da ramin optikal ba.